Kyauta ko Haƙƙi: Tarihin Matatar Jarmaya da Ramukan Kudalwa



Duk uwargidan da ke ɗora girki a kan gas a Habbena, da duk ɗan kilandon da ke shan mai kafin ya fita neman na cefane, da duk telan da ke jiran a kawo wuta ya ƙarasa ɗinkin mutane, suna da alaƙa da wani kamfani da ke da mazauni a Beijin, ko sun sani ko ba su sani ba. Sunan kamfanin CNPC, kuma mallakar gwamnatin ƙasar Sin ne. Injiniyoyinsa ne suka haƙa rijiyoyin mai a yankin Bongor, suka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 311, suka gina matatar Jarmaya a arewacin Injamena. Kamfanin nan ne kuma gwamnatin Cadi ta dakatar a 2013 bisa laifin gurɓata ƙasa, ta ci shi tarar da ba a saba jin irinta ba a wannan yanki namu.

Wannan rubutu zai bi sawun labarin daga tushe, domin a cikinsa akwai tambayar da ta shafi kowane mazaunin birni: mene ne haƙƙin jama'a a kan babban kamfanin da ke aiki a ƙasarsu, musamman idan kamfanin na gwamnati ne? Masu ilimin zamani suna kiran wannan batu da nauyin al'umma da ke kan kamfanoni. Sunan sabo ne, amma ma'anar tsohuwa ce a wajen Bahaushe.

BAƘO DA MAI MASAUKI

Hausawan wannan ƙasa jikokin matafiya ne. Tun kafin Faransawa su kafa garin Fort-Lamy a 1900, bayan yaƙin Kuseri inda Rabeh da Lamy suka mutu rana ɗaya, fatake da maniyyata aikin hajji suna ratsa ƙasashen tafkin Cadi zuwa gabas. Wasu guzuri ya ƙare musu suka zauna, wasu kasuwa ta karɓe su, wasu aure ya riƙe su. Wani masanin tarihi ɗan Amurka mai suna John Works ya wallafa littafi a 1976 a kan waɗannan al'ummomi na Fort-Lamy da Abeshe, shekara uku bayan an sauya wa birnin suna zuwa Injamena.

Abin da ya raya waɗannan zanguna shi ne ƙa'idar da ke tsakanin baƙo da mai masauki. Falke ya sauka a gidan fatoma, fatoma ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ci bashi. Shi kuma falke ya biya la'ada, ya kiyaye mutuncin gidan, ya hana jakunansa shiga gonar mutane. Idan dabbarsa ta yi ɓarna, zai biya, kuma biyan nan ba a lissafa shi cikin alheri. Idan ya tashi tafiya ya bar wa yaran gida tsaraba, wannan ita ce kyauta. Kakanninmu sun bambanta waɗannan abubuwa biyu sarai. Tsaraba ganin dama ce, diyyar ɓarna kuwa dole ce, kuma akwai sarkin zango da alƙali da za a kai ƙara wajensu idan wani ya ƙi.

Mai karatu ya riƙe wannan bambanci a zuciyarsa, domin shi ne ma'aunin da za mu auna manyan kamfanoni da shi. Sau da yawa kamfani yakan ɗauki hoton tsarabar da ya bayar ya buga a mujalla, ya yi gum da bakinsa game da gonar da jakunansa suka cinye.

INDA MAGANAR TA FITO

A ƙasashen Turai da Amurka an fara rubuce-rubuce a kan nauyin al'umma da ke kan 'yan kasuwa tun tsakiyar ƙarni na 20, musamman bayan littafin Howard Bowen na 1953. Amma masifu ne suka ba maganar ƙarfi. A ƙasar Ogoni ta kudancin Najeriya, malalar mai ta lalata gonaki da koguna shekaru da yawa, aka rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas a watan Nuwamba na 1995, duniya ta fusata. A shekarar 2000 Kofi Annan ya ƙaddamar da wata yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda kamfanoni ke shiga bisa raɗin kansu, suna alkawarin mutunta haƙƙin ɗan Adam da na ma'aikata da muhalli.

Tarihin kamfanonin gwamnatin Sin ya bi wata hanya dabam. A zamanin Mao, masana'anta gari ce sukutum. Ita ke ba ma'aikaci gida, ita ke da makarantar 'ya'yansa da asibitin iyalinsa. Filin mai na Daqing, wanda aka gano a 1959, shi ne abin misali a wannan tsari. Daga ma'aikatar man fetur ta wancan zamani aka samar da CNPC a 1988. Saboda haka kamfanin ya tashi da sanin cewa yana da nauyi a kan mutanensa na cikin shinge. Mutanen da ke wajen shinge, wato manomi da masunci da makiyayi, ba su ne aka fara tunawa da su ba.

A watan Nuwamba na 2005 wata masana'antar sinadarai ta reshen kamfanin ta fashe a birnin Jilin. Guba mai nauyin kimanin tan 100 ta kwarara cikin kogin Songhua, har aka rufe famfunan birnin Harbin mai miliyoyin mutane na tsawon kwanaki. Wannan abin kunya ya girgiza hukumomin Sin. A farkon 2008 hukumar da ke kula da manyan kamfanonin gwamnati ta fitar da ƙa'idoji a kan nauyin al'umma, kamfanonin suka shiga buga rahotanni duk shekara. Ke nan lokacin da CNPC ya kafu sosai a Cadi, ya san maganar, yana kuma da takardunta a hannu. Sai dai sanin ƙa'ida a ofis dabam, aiki da ita a daji dabam.

DARASIN DOBA

Kafin zuwan Sinawa, Cadi ta riga ta yi gwaji ɗaya wanda duniya ta zuba wa ido. Kamfanin Conoco na Amurka ya gano mai a Sedigi ta ƙasar Kanem da kuma yankin Doba a shekarun 1970, amma yaƙe-yaƙen cikin gida suka hana a taɓa shi. Sai a watan Yuni na 2000 Bankin Duniya ya amince ya sa hannu a aikin bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru. Kamfanoni uku suka haɗu: ExxonMobil da kashi 40, Petronas, wanda shi ma mallakar gwamnatin Malesiya ne, da kashi 35, sai Chevron da kashi 25. Mai ya fara gudana a 2003.

Bankin ya gindaya sharaɗi. A 1999 aka kafa doka mai lamba 001, wadda ta ware kashi 10 na kuɗin mai na kai tsaye domin zuriya mai zuwa, ta ce kashi 80 na ragowar ya tafi ga ilimi da lafiya da hanyoyi da raya karkara, kashi 5 kuma ga yankin da ake haƙo man. Aka kafa kwamitin sa ido mai mutum tara, huɗu daga cikinsu wakilan ƙungiyoyin farar hula da na addini da na ƙwadago.

A nan ne aka ga amfanin jama'a masu baki. Da farko diyyar da aka yi wa bishiyar mangwaro ba ta wuce 'yan dubban sefa ba. Ƙungiyoyin ƙasar da limaman coci da masu goya musu baya a waje suka dage, suka lissafa abin da bishiya ɗaya ke bayarwa a tsawon rayuwarta, har diyyar babbar bishiya ta kai sefa 550,000. Ngarlejy Yorongar, ɗan majalisa daga Bebejiya, ya sha ɗauri a 1998 saboda zarge-zargen da ya yi game da aikin, daga baya ya kai ƙorafi gaban kwamitin bincike na Bankin Duniya. Lauya Delphine Djiraibe ita ma ta yi fice a wannan gwagwarmaya. Ba tausayin kamfani ne ya ɗaga farashin mangwaro ba, matsin lamba ne.

Amma tsarin bai daɗe ba. Tun a 2000 aka kashe dala miliyan 4.5 daga cikin kuɗin sa hannu na dala miliyan 25 wajen sayen makamai. A ƙarshen 2005 majalisa ta gyara dokar, ta soke asusun zuriya mai zuwa, ta sa tsaro cikin abubuwan da ake fifitawa. Bankin ya dakatar da bashi a farkon 2006. A watan Afrilu na wannan shekara 'yan tawaye suka shigo Injamena, suka sake shigowa a watan Fabrairu na 2008, kwanakin da babu mazaunin wannan birni da zai manta da su. A watan Satumba na 2008 Cadi ta biya bashin da ke kanta, Bankin ya tattara komatsansa ya fita daga aikin. Dokar da aka ɗora wa ƙasa daga waje ta zama kamar rigar aro: ranar da mai sanye da ita ya ji ta matse shi, sai ya tuɓe.

JARMAYA: ABIN DA AKA SAMU

A daidai wannan lokaci ne ƙofa ta buɗe wa Sin. A watan Agusta na 2006 Cadi ta yanke hulɗa da Taiwan ta koma ga Beijin. A wannan shekarar aka kafa SHT, kamfanin mai na gwamnatin Cadi. A farkon 2007 CNPC ya sayi hannun jarin kamfanin EnCana na Kanada a filayen bincike, a watan Satumba kuma aka ƙulla yarjejeniyar gina matata. An aza harsashi a watan Oktoba na 2008, Shugaba Idriss Deby ya buɗe ta a ranar 29 ga Yuni, 2011. Tana iya tace ganga 20,000 a rana. CNPC yana da kashi 60, ɓangaren Cadi yana da kashi 40.

Adalci ne a faɗi alherin wannan aiki. Shekara takwas Cadi tana fitar da ɗanyen mai zuwa teku, amma kowace litar fetur da ake sha a Injamena sai an shigo da ita daga Najeriya ko Kamaru. Manyan kamfanonin Yamma ba su ga riba a gina matata a ƙasar da ba ta da teku kuma kasuwarta ƙarama ba. An taɓa shirin ƙaramar matata da man Sedigi, aka shimfiɗa bututu a farkon shekarun 2000, aikin ya fito ba inganci, shirin ya mutu. Kamfanin gwamnatin Sin ya yi abin da wasu suka ƙi, cikin ƙasa da shekara uku. Dalili shi ne kamfanin gwamnati ba ribar bana kawai yake lissafawa ba, yana lissafa zumuncin ƙasashe da rijiyoyin da zai samu gobe.

Matan birni sun fi kowa sanin darajar wannan matata. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gwamnati ta hana gawayi domin kare dazuzzuka, alhali mafi yawan gidaje da shi suke girki. An ga mata suna tsintar kara da kashin shanu da ƙwallon goruba domin a dafa abinci. Gas ɗin girki da Jarmaya ta fara samarwa ya rage wannan ƙunci. Tashar wutar da ke cikin matatar kuma tana aiko wa birnin megawat 20.

Sai dai dogaro da rijiya ɗaya yana da haɗarinsa. Watanni kaɗan da buɗewa, rigima ta tashi a kan farashi. Kamfani ya ce kuɗin da gwamnati ta ƙayyade ba zai mayar da abin da aka kashe ba, gwamnati ta ce talaka ba zai sayi man ƙasarsa da tsada ba. A watan Janairu na 2012 hukuma ta rufe matatar, aka sake buɗe ta a watan Fabrairu. Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka tsayar da injuna domin gyara, sai dogayen layuka su bayyana a gidajen mai, sai a ga tukwanen gas jere a rana, kamar yadda ya faru a 2019 da 2023. Sanar da jama'a a kan lokaci da tanadin abin da zai ishe su kafin a kashe inji, wannan ma yana cikin haƙƙin al'umma, ko da ba a ɗaukar hotonsa.

RAMUKAN KUDALWA

Kudalwa tana kimanin kilomita 200 kudu da Injamena, a yankin da rijiyoyin da ke ciyar da Jarmaya suke. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, wadda ruwa ke kwanciya a cikinta da damina. Tun 1998 Cadi tana da dokar kare muhalli mai lamba 14, wadda ta wajabta nazarin illar kowane babban aiki kafin a fara shi. A 2012 hukumar raya ƙasashe ta Faransa ta wallafa wani bincike a kan yadda CNPC ke tafiyar da batun muhalli a Cadi, wanda Geert van Vliet da Geraud Magrin suka jagoranta tare da masana daga Sin da kuma ƙungiyar GRAMP/TC ta Gilbert Maoundonodji. Wato idanu sun riga sun fara komawa wajen.

A watan Agusta na 2013 ministan man fetur, Djerassem Le Bemadjiel, ya kai ziyara yankin, kuma abin da ya gani ya sa ya dakatar da ayyukan haƙar kamfanin. Bisa bayanin da ya yi wa manema labarai, an haƙa manyan ramuka ana zuba ɗanyen mai a cikinsu ba tare da kariyar da za ta hana shi tsotsewa cikin ƙasa ba, sa'an nan aka sa ma'aikata 'yan ƙasa suna kwashe shi ba kayan kare jiki. Ya ce ba hatsari ba ne, an yi haka ne domin a rage kashe kuɗi.

Ya kamata a fahimci abin da wannan ke nufi. Idan aka haƙa sabuwar rijiyar mai, akan gwada ta domin a san yawan abin da za ta bayar, kuma gwajin yana fitar da ɗanyen mai da ruwa mai gishiri da taɓo mai sinadarai. Ƙa'idar aiki ita ce a tara su a tankuna ko a ramin da aka shimfiɗe da leda mai kauri, a tace su daga baya. Wannan yana cin kuɗi da lokaci. Idan aka zuba su a tsirarar ƙasa, ruwan sama yakan kwashe wani kaso zuwa fadama, wani kason ya gangara zuwa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyar ƙauye ke ɗiba. Kuɗin da kamfani ya rage a littafinsa bai ɓace ba. An mayar da shi ne kan saniyar makiyayi da cikin yaron manomi.

An ɗage dakatarwar a watan Oktoba na 2013. A watan Maris na 2014 gwamnati ta nemi tarar dala biliyan 1.2. Kamfanin bai biya ba, aka sake dakatar da shi a watan Mayu, a watan Agusta aka ƙwace masa lasisin filaye biyar, aka fara maganar kai ƙara kotun sasanta rikicin kasuwanci a Paris. A watan Oktoba aka daidaita: CNPC zai biya dala miliyan 400, gwamnati kuma ta samu kashi 10 a filayen da ake haƙowa.

Wannan mataki ya ba duniya mamaki, domin an saba cewa ƙasashen Afirka ba sa iya ɗaga wa kamfanonin Sin murya. Cadi ta nuna ana iyawa. Amma a lura da waɗanda suka zauna a teburin sulhu: gwamnati da kamfani. Ɓarnar ta faru ne a gonakin Kudalwa, biyan kuwa aka yi shi ga hukuma a Injamena. A lura kuma da lokacin. A wannan shekara ta 2014 SHT ya ci bashin sama da dala biliyan ɗaya daga kamfanin Glencore ya sayi kason Chevron na Doba, kuma kafin shekarar ta ƙare farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100, ya kai ƙasa da 50 a farkon 2015. A 2016 aka ɓullo da matakan tsuke bakin aljihu guda 16 waɗanda ma'aikata da ɗalibai suka ɗanɗana kuɗarsu. Baitulmalin da ke cikin irin wannan yunwa yakan ga tara a matsayin kuɗin shiga kafin ya gan ta a matsayin maganin ƙasar da aka gurɓata.

A nan babbar matsalar take. Gwamnati ita ce alƙali mai hukunta kamfani, ita ce kuma abokiyar cinikinsa mai kashi 40 a matata da kashi 10 a rijiyoyi. Da a ce sarkin zango yana da rabo a hajar falke, mai gonar da jakuna suka cinye zai sha wahala kafin ya samu adalci.

DAMAGARAM DA SAURAN MAƘWABTA

'Yan'uwanmu na Nijar sun bi kusan wannan hanya. A watan Nuwamba na 2011, wata biyar bayan Jarmaya, aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram. Ita ma ganga 20,000 a rana, ita ma CNPC kashi 60 da gwamnati kashi 40, tana shan man Agadem. Can ma an yi ta takun saƙa a kan farashi da bashi da albashi, har a watan Maris na 2025 hukumomin Yamai suka kori wasu manyan jami'an kamfanonin man Sin su uku, suna kafa hujja da bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa.

Wasu ƙasashe sun yi ƙoƙarin mayar da tsaraba ta zama doka. Nijar ta tanadi a mayar da kashi 15 na kuɗin ma'adinai da mai ga yankunan da aka haƙo su. Indiya a 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni su kashe kashi 2 na ribarsu a ayyukan al'umma. Najeriya a dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfani ya zuba kashi 3 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekara a asusun amana na garuruwan da yake aiki a cikinsu. Kowace daga cikin waɗannan dokoki tana da masu kuka da yadda ake aiwatar da ita. Duk da haka tana ba talaka abin riƙewa, domin wanda doka ta ba kashi yana iya tambayar inda kasonsa yake, wanda aka yi wa kyauta kuwa godiya kawai ta rage masa.

ABIN DA YA SHAFI HABBENA

Wani zai ce mu da ke cikin birni, kuma 'yan tsiraru, ina ruwanmu da ramukan Kudalwa? Ruwanmu yana da yawa. Man da aka haƙo can shi muke girki da shi nan, saboda haka muna cikin masu cin moriyar. Sa'an nan kuma irin tambayar da ta taso can tana tasowa a bakin ƙofarmu duk damina. Unguwannin gunduma ta bakwai, Habbena da Atrone da Amtukwi da sauransu, sun san yadda ruwan sama ke kwanciya a lunguna. Birnin gaba ɗaya ya ga ambaliyar 2022, lokacin da Shari da Logon suka cika suka tumbatsa, mutanen Waliya da Tukra suka rasa matsuguni. Duk kwata da titi da madatsar ruwa da za a gina, wani kamfani ne zai karɓi kwangilar, wata hukuma ce za ta sa hannu cewa aiki ya yi kyau. Haka ruwan famfo da wutar lantarki suke hannun kamfanonin gwamnati, tun daga tsohon STEE da aka raba gida biyu a 2010, a ƙasar da kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ke samun wuta.

Tarihin da muka bi ya bar mana ma'auni huɗu. Na farko, a fara duba ainihin aikin kamfani kafin a duba kyautarsa. CNPC yana ba da labarin rijiyoyin burtsatse da ajujuwan da ya gina wa ƙauyuka, kuma waɗannan abubuwa suna da amfani, amma burtsatse goma ba sa wanke rami ɗaya na ɗanyen mai. Kamfanin da ya cike kwatar unguwa da ƙasa sa'an nan ya raba shinkafa da azumi, bai sauke nauyinsa ba. Na biyu, a duba yadda yake riƙe leburansa, domin wanda bai ba ma'aikacinsa safar hannu ba, ba zai damu da rijiyar maƙwabci ba. Na uku, a nemi a ga takarda. Cadi tana cikin shirin bayyana kuɗaɗen ma'adinai na duniya, an kuma amince da ita a matsayin mai bin ƙa'idarsa a 2014, don haka neman sanin nawa aka biya da inda aka kai shi haƙƙin ɗan ƙasa ne. Na huɗu, a tafi a ƙungiyance. Mai mangwaro ɗaya bai isa ya ɗaga diyya ba, taron masu mangwaro ne ya ɗaga ta.

A wannan na huɗun ne al'ummarmu take da abin bayarwa. Mun gaji tsarin mai unguwa da sarkin sana'a, muna da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na matasa da adashin mata. Ɗabi'ar baƙo ita ce ya kame bakinsa ya nemi halalinsa, kuma ta kare kakanninmu a zamunan da magana ke jawo masifa. Amma wanda aka haifi kakansa a Fort-Lamy ya wuce a kira shi baƙo. Ruwan da ya shiga ɗakin Basare da Balarabe da Bagorane shi ne ya shiga ɗakin Bahaushe. Idan za a gina kwata a unguwa, ya dace dattawanmu su kasance cikin masu zuwa ofishin gunduma su tambayi wa ya karɓi aikin, nawa ne kuɗinsa, yaushe zai gama, ina ruwan zai bi, wa za a kai wa kuka idan ya karya katangar mutane. Ya dace kuma 'ya'yanmu da suka karanta aikin injiniya da shari'a su zauna da dattawan nan su fassara musu abin da takardu suka ƙunsa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Dala miliyan 400 kuɗi ne mai yawa, amma ledar da za a shimfiɗa a ramin Kudalwa tun farko ba ta kai ko kusa da haka ba. Abin da ya rasa a wajen shi ne mai tsayawa a bakin ramin ya ce a dakata, kuma a saurare shi.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarta ya amfani na samanta. Masu tsokaci, musamman waɗanda suka yi aiki a Jarmaya ko Bongor, fili naku ne.